Ɗakin Inna Mairo

Yaran da ake turo mana yanzu, da wayoyinsu masu faɗin faranti, tambayarsu ɗaya ce ranar farko: "Kawu Sabo, wai aikin nan ba tambaya ce kawai ba? Ka tambaya, a ba ka amsa, ka danna, ka wuce?" Nakan ce haka ne ɗana, shi ma wanzami ai aska kawai yake ɗora wa mutum a maƙogwaro. To ku gyara zama. Na yi yawon tambayar nan a cikin birnin Zariya har akuyoyin Ƙofar Gayan in sun hango ni sukan tashi su bar mini inuwa, don sun san zan daɗe.

Ƙungiyar da nake yi wa aiki ta masu taimako ce. Kafin ta sa hannu a wata unguwa sai ta tura mu gida-gida mu jiyo abin da ya fi damun mutane, ruwa ne, magani ne, kwata ce, ko makaranta. Abin da muka kawo shi ake bi. In mun jiyo daidai, taimako ya sauka inda ake jin ciwo. In mun jiyo a karkace, sai a je a haƙa rijiya a layin da kowane gida yake da tasa.

Da na fara, kayan aikina takarda ce a kan ɗan katako, da biro da na ɗaure da zare a maɓallin riga, don biro a zaure ƙafa gare shi. Yanzu waya ce. Amma babban kayan aiki ba a ofis ake ba da shi ba: ciki ne. Duk gidan da ka yi sallama sai an fito maka da abin sha, in ka ƙi sha kuwa ka rufe bakin mai gida da hannunka. Kunun da na sha a Limancin Kona kaɗai, in aka juye shi a kogin Galma sai an nemi kwalekwale a kan gada. Akwai kuma wata rigar ofis mai launin lemo da aka ba mu. Rana ɗaya na sa ta. Ina shiga layi aka fara janye wayoyin wuta ta kan katanga, wani tsoho ya aiko a ce mini ya yi tafiya alhali ina kallon ƙafarsa a bayan ƙyaure. Sun zaci yanke wuta na zo.

Wadda ta koya mini aiki Hajiya Delu ce, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, gajeruwa, mai muryar da take fasa tulu. Ita take shiga wajen mata, ni in tsaya a zaure da maza. Gidan farko da muka je a Ƙofar Galadima, na zauna, na gyara takarda, na dubi mai gida na ce, "Malam, mece ce matsalarka?"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yanzu dai kai ne."

Da muka fito Hajiya Delu ta ce, "Sabo, a kasuwa aka haife ka? Ka gaida mutum har ya gaji. Ka tambayi aiki, ka tambayi iyali, ka tambayi jakin kakansa in yana da shi. Sannan kada ka kuskura ka tambayi ɗan birni buƙatar gidansa. Ko tukunya ta kwana uku a kife zai ce maka alhamdu lillahi. Ka tambaye shi maƙwabcinsa."

Nan sana'ar take. Ka ce, "Malam, a layin nan wa kake ganin in an taimaka masa an yi aikin lada?" Sai baki ya buɗe. Zai gaya maka gidan da ba a hura wuta, da gidan da mai jinya take kwance ba magani. Ka matsa gaba, maƙwabcin nan da aka ba ka labarinsa ya ba ka labarin wanda ka baro. Haka ake haɗa unguwa, kowa a bakin wani. In muka zauna da azahar, ni da Hajiya Delu, sai mu gwada abin da muka samo. Sau da yawa zaure ya ce taransifoma, tsakar gida ta ce ɗaki yana zuba. Ita ta koya mini duba gini kamar yadda take duba mara lafiya: indararon da ya karye aka bar shi, koren da ya hau gindin bango, garin gara da yake zubowa daga azara kamar ana tankaɗe.

Aikin da nake so ku ji a wani lungu ne na Limancin Kona, gidan Malam Habu maɗinki. A zamaninsa in ya zauna wa babbar riga ya fitar mata da aska takwas, sai ka ji kunyar sa ta. Lokacin da na san shi idonsa ya yi rauni, ya ajiye allura, amma samarin maɗinka a zaurensa suke wuni. Yakan karɓi aikin yaro ya shafa da yatsa ya ce, "Wannan ɗinki ne ko kaza ce ta yi tono?" Gidan ya rage shi da matarsa, Inna Mairo. 'Ya'yansu mata suna gidajen aurensu, namijin ya rasu, sauran ɗakunan kuwa sun zube ɗaya bayan ɗaya tun da babu mai kwana a ciki. Ɗakin soro guda ya saura.

Ban taɓa samun mai ba da labarin unguwa kamarsa ba. Ya san wanda rufinsa ya lotsa, ya san wadda take kwana da lema a kan gado. A ranin shekarar da nake ba ku labari, da taimakonsa, muka gano cewa abin da ya fi ci wa mutanen lungun nan rai shi ne rufi, ko da yake babu namiji ɗaya da ya ambaci nasa. Ofis ya yarda: za a kawo kwano da katako da magina a gyara ɗakunan da suke cikin haɗari kafin ruwa ya sauka. Sai dai akwai sharaɗi. Dole mai gida ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda, in ɗauki muryarsa a waya. Sharaɗin ba zalunci ba ne. An taɓa shiga wa wani gida da tsani ba tare da izininsa ba, ya kori magina da taɓarya, magana ta kai har gaban mai unguwa.

Ranar da Hajiya Delu ta fito daga wajen Inna Mairo, ba ta tsokane ni ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Sai da muka sha kwana ta ce, "Sabo, duk gidajen da tsohon nan ya nuna maka babu wanda ya kai nasa. Bango ya tsage, na sa hannuna ya shige har wuyan hannu. Azara ta zama gari. Matarsa ta tokare ta da wani itace, ta rataya masa zane don kada a gani."

Babu maƙwabci ɗaya da ya ambace shi. Ba don ba su sani ba. Wa zai buɗe baki ya sa Malam Habu a layin masu buƙata?

Washegari na koma da goro. Na gaishe shi har na gaji da kaina, na ba shi labarin wani ɓeran ofishinmu da ya ci takardu har ya fara jin Turanci, ya yi dariya har da tari. Da samarin suka fita salla na matso na fito da waya.

"Allah ya gafarta Malam, ba roƙo ba ne. Kalma ce kawai za ka faɗa: na yarda."

"Na yarda da me?"

"A gyara ɗaki."

"Wane ɗaki? Sabo, ka taɓa shiga gidan nan?"

"Ina ni ina shiga, Malam."

"To ashe Delu ce. A ba ta ruwa ta sha, ta koma tana ƙirga mana azara." Ya juya goron a hannunsa. "Ubana ya gina ɗakin nan. Ya ga damunar da ta girme ka."

"Gara ma ta gan shi, Malam."

"Bakinka ya yi tsawo, ɗan nan. In na faɗa a cikin abin nan, ina take zuwa?"

"Ofis."

"A kunna wa baƙi su ji Habu maɗinki yana neman a rufa masa ɗaki. Mayar da ita aljihu. Mu alhamdu lillahi. Ka je gidan Asabe, marayu gare ta."

Na tafi wajen oganmu. Saurayi ne mai kirki, ɗan boko, in ya damu sai ya yi ta murza goshi. Na ce ranka ya daɗe, a ɗage wa tsohon nan sharaɗi. Ya ce, "Kawu Sabo, ko na ɗage, magina ta sama za su shiga? Gidansa ne fa. Kawo mini ko da 'to' ce, gobe in tura mota." Mai unguwa ma ya je da kansa. Malam Habu ya karɓe shi da girmamawa, ya ce bayan damuna in Allah ya kai mu zai kira magini da kansa.

Sai muka yi dabara, kuma har yau in aka ce dabara ce mai kyau ba zan yi musu ba. Zauren shi ma soron ƙasa ne, shi ma yana zuba. Na tara samarin maɗinkan na ce musu, "In na tambaye ku abin da lungun nan yake buƙata, me za ku ce?" Babbansu ya ce, "Injin nika." Na ce, "Allah ya nika ka. Zauren da kuke cin abinci a cikinsa fa?" Suka gane. Kowannensu ya faɗa a waya cewa zauren Malam Habu wurin sana'ar jama'a ne, a rufe shi. Ofis ya yarda, tun da gaskiya ce. Shi kuma da aka gaya masa ya ce, "In don yaran nan ne, su suka roƙa, ba ni ba." Lissafinmu shi ne in magina suka sauke kaya a ƙofar gida, suka ci tuwon gidan, ƙarasawa ciki ba za ta yi wuya ba.

Aka sauke ƙasar zaure, aka kafa katako, aka buga kwano sabo fil, yana ƙyalli har tsuntsaye suna kuskuren hanya. Ranar gamawa shugaban maginan ya saɓa tsani ya nufi ƙofar cikin gida yana waƙe-waƙensa, kamar bai san abin da yake yi ba. Idon Malam Habu ne ya yi rauni, kunnensa garau yake. Ya miƙa sandarsa ya gitta ta a bakin ƙofa.

"Aikinku a nan ya ƙare. Allah ya saka da alheri."

Na ce, "Malam, kwano ne ya yi saura. In muka mayar ofis tsatsa za ta cinye shi, alhaki a kanmu."

"Ya yi saura? Madalla. Madafin Asabe ba a rufe shi ba. Ku kai mata."

Muka kai mata. Madafin yana nan har gobe.

Hajiya Delu ta koma ta wajen mata. Ta ce da Inna Mairo, tun da ga zaure ya samu rufi, in hadari ya haɗu ta riƙa fitowa ta zauna a can. Ta ce Inna Mairo dariya ta yi har ta riƙe ciki. "Delu, tun da aka kawo ni gidan nan ban san zaure ba sai dai in ratsa shi. Yanzu da furfurata in shimfiɗa tabarma a tsakiyar samari?" Hajiya Delu ta ce mata to ta tafi wajen babbar 'yarta ta yi damuna. "In na bar gida da damuna kowa ya san dalili. Abin da Malam ya rufe, ni zan buɗe?" Sannan ta cika mata gefen zane da gyaɗa ta rako ta.

Kowane mai sana'a yana da shekarar da ba ya son a tuna masa. Tawa ke nan. Ruwan tsakiyar damunar nan ba mai tsawa ba ne, ba mai iska ba. Sauka kawai yake yi, ya huta kaɗan ya dawo, har bangon ƙasa ya sha ya ƙoshi. Kullum sai ka ji an ce katanga ta faɗi a Ƙofar Gayan, ɗaki ya zauna a wani lungu. Mu kuma muna zagayawa muna duba gidajen da aka gyara.

Wata rana bayan azahar ruwa ya kama ni a lungun, na faɗa zauren Malam Habu. Samari sun cika shi, kowa da riga a cinya, ko ɗigo ɗaya babu. Ruwa ya tsananta. Kun san ƙarar ruwa a kan sabon kwano, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Na miƙe ina kwatanta musu yadda wani bunsuru ya bi ni daga Ƙofar Galadima har kasuwa saboda ya ga takardar tambaya a hannuna yana so a rubuta sunansa. Ana ta dariya. A cikin haka wani yaro ya ɗaga kai ya ce kamar an yar da buhu a wani wuri. Aka saurara, babu abin da ake ji sai kwano. Na ci gaba da labarina.

Soron ƙasa ba ya ƙara in ruwa yana dukansa. Da tsohon rufin ne a kanmu, da mun ji.

Da ruwa ya sassauta Malam Habu ya juya wajen ƙofa ya ce, "A miƙo wa Sabo kunu." Shiru. Ya sake faɗa. Sai ya lalubi sandarsa ya shiga. Abin da muka ji daga ciki salati ne, da wata murya da ban san tasa ce ba.

Ranar na fara shiga gidan, kuma babu wanda ya tsaya neman izini. Inda ɗaki yake tudun jar laka ne, azara sun fito ta cikinsa. Muka hau tono da hannu, maƙwabta suka diro ta katanga da fartanya da kwanon gini. Malam Habu yana durƙushe a cikin taɓo yana nuna mana, "Nan gado yake. A'a, ta nan, nan take zama." Ba ya gani, amma bai yi kuskure ba. Muka sami Inna Mairo kusa da itacen da ta tokare azara da shi, da roba a gefenta, irin wadda ake tarar yoyo. Hajiya Delu ta iso a jiƙe, ta durƙusa ta duba wuyanta, ta ja mayafinta ta lulluɓe ta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A sabon zauren aka karɓi gaisuwa.

Bayan wannan ofis ya sassauta sharaɗi, ya ce shaidar mai unguwa ta isa a fara magana. Daidai ne. Amma shaidar mai unguwa ba ta ɗage sandar da tsoho ya gitta a ƙofarsa, kuma birnin nan cike yake da irin waɗannan tsofaffi. Ku da kuke cewa danna ka wuce, ku gaya mini inda za ku danna a nan.

Da rani ya zagayo aka sake tura mu lungun. Na so a ba wani layin, Hajiya Delu ta ce in ban je ba za ta ja ni da kunne a gaban yara. Na sami Malam Habu a zaure, ya rame, a can ciki an share wajen ɗakin ya zama fili. A zauren yake kwana. Na gaishe shi, ban kawo labarin ɓera ko bunsuru ba.

"Sabo ne? Ka zo da abin naka?"

"Na zo da ita, Malam. An ce in tambaya ko za a tayar da ɗakin."

"Wa zai kwana a ciki?"

Ya daɗe yana shafa kan sandarsa, sannan ya dafa bango ya miƙe.

"Riƙe mini hannu. Za mu gidan Malam Iro."

Malam Iro tsohon baduku ne, abokinsa tun suna makarantar allo, mutum mai taurin kai da ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa. Na taɓa zuwa gidansa ya sallame ni tun ban zauna ba. A hanya Malam Habu ya ce, "Ɗakin matarsa ya tsage tun bara. Ba zai gaya maka ba."

Muka same shi a bakin zaure yana jan fata. Suka gaisa, suka tsokani juna a kan wanda ya fi tsufa. Sannan na yi tambayata a hankali, ta bayan gida, yadda aka koya mini. Malam Iro bai ko ɗago kai ba.

"Mu alhamdu lillahi. Ku duba gaba."

Malam Habu ya zauna a kan dakali, ya ajiye sandarsa a ƙasa.

"Iro, haka na ce. Da wannan bakin na faɗa, yaron nan yana zaune. Kai ka kama mini makarar Mairo."

Malam Iro ya tsayar da hannunsa. Daga cikin gida ana jin matarsa tana daka, tana yi wa kaji faɗa. Mu uku muna jin taɓaryar tana sauka. Can ya ajiye fatar, ya goge hannu a riga, ya dubi wayar da take hannuna kamar mai duban maciji.

"Ina ake magana a jikinta?"